Gaisuwar Ƙarfe Bakwai

Kafinta ya sa bakin ƙarfe a gefen makullin ya danna, katakon ya yi ƙara amma ƙofar ta ƙi buɗewa. Ina tsaye a bakin tawa ƙofar da tef ɗin awo a wuya, ina maimaita musu abin da na faɗa tun suna hawowa bene: lafiyar yaron nan ƙalau, da safen nan ma na ga labulensa a buɗe.

"Anti, ai labulen da kansa yake buɗewa," in ji dogon saurayin da ya zo da kafintan. Abokin aikin maƙwabcina Injiniya ne, kwana biyu ke nan suna nemansa a wajen aiki, waya ba amsa.

Yana faɗar haka na tuna da maganar. Ni aka fara nuna wa labulen nan.

Shekara uku Injiniya yana haya a ɗakunan da ke kallon nawa. Ni na laƙaba masa sunan. Ya sha yi mini bayani cewa shi ba injiniya ba ne, manhaja yake rubutawa, irin wadda ke sa waya da kwamfuta su yi abin da aka ce su yi. Na ce masa duk mai wayoyin lantarki har ƙarƙashin gado, ni a wurina injiniya ne. Allon kwamfuta biyu ne a teburinsa, da madannai da ya harhaɗa da hannunsa, masu ƙarar da ta kusa fin ta keken ɗinkina. Ga akwatin ƙananan na'urori, ga ƙarfen liƙa waya da ya ƙona masa hannun riga har sau biyu, ni ce mai gyarawa.

Ban taɓa ganin rago mai wahalar da kansa irinsa ba. Zai yi mako guda yana haɗa abu don kada ya yi aikin minti biyu. Labule ya buɗe kansa da safe, fitila ta kama kanta da yamma, wani ɗan famfo ya shayar masa da barkono da na'a-na'a a baranda. Ni ma ya yi mini manhajar ajiye awon masu kawo ɗinki. Na yi godiya sosai, na ci gaba da rubutu a littafina.

Makonni ina yi masa faɗa kan ƙirjin da yake dafewa idan ya hawo bene. Kullum sai ya ce yawan zama ne, zai je asibiti da zarar sun saki sabon aikinsu. Ranar Talata da yamma na zuba abinci a kula na fito zan ƙwanƙwasa masa. Na ga haske ta ƙasan ƙofa, na ji ruwa na ɗiga a baranda, na ce yana can da abin sauraro a kunne, kada in katse masa tunani. Na koma da abincina. Laraba ma haka na yi.

Da ƙofar ta ɓalle muka same shi a kujerarsa, ya kifa kai a hannu kamar wanda gyangyaɗi ya ɗauka, abin sauraron yana kansa. Dogon saurayin nan, Dogo nake ce masa, ya taɓa teburin, allon ya haska, ga layin rubutu an kai rabi an tsaya. Likita ya ce tun ranar Talata ya rasu.

Mahaifiyarsa ta iso kafin a kai shi. 'Yar ƙaramar mata ce mai ɗingisa ƙafar hagu, ba ta da yawan magana. Ɗakinsa ya cika da mutane, don haka na jawo ta nawa falon, a nan kuma ta kwana. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, waya kawai ta riƙe gam. Ta ce mini likitan nan ya yi kuskure, ɗanta ya gaishe ta ranar Laraba, ya gaishe ta ranar Alhamis, ƙarfe bakwai daidai kamar kullum. Ta nuna mini. Saƙon yana tambayar ta ya ƙafa, yana tuna mata maganin hawan jini. A ƙasa ga amsarta, tana sa masa albarka.

Ban gaya mata gaskiya ba. Na san akwai wata na'ura a ƙarƙashin teburinsa, ba ta fi sabulun wanka girma ba, ita ke aika gaisuwar. Ranar da ya nuna mini na zage shi tas. Na ce uwar da ta haife ka ma sai inji ya gaishe ta? Ya yi dariya ya ce aikinsa na sa shi makara, ita kuma in bakwai ta wuce ba ta ji daga gare shi ba sai hankalinta ya tashi. Ni dai na tafi da cewa injin ne ke ƙaga maganar, shi yana barci.

Washegari da safe ina haɗa mata shayi wayar ta yi ƙara. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago ta kalle ni.

"'Yata, jiya muka binne shi. Wa ke gaishe ni?"

Abin da ya rage wa matar nan ke nan, gaisuwar shekara uku da take ajiyewa ba ta taɓa gogewa ba, kuma ni ce zan ce mata na'ura ce. Na ce bari in kira abokinsa, shi ya san kan waɗannan abubuwan.

Da Dogo ya zo na ja shi ɗakin Injiniya na rage murya. Na roƙe shi ya kashe abin kawai, ya ce mata tsofaffin saƙonni ne da suka maƙale a hanya. Ya zauna a ƙasa don ya kasa zama a kujerar, ya ɗora kwamfutarsa a cinya ya haɗa ta da 'yar na'urar. Yana cikin dubawa sai na ga ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu.

Ya juyo mini da allon. Jerin saƙonni ne, kowane da kwanan watansa. A can sama Injiniya ya bar wa kansa 'yar tunatarwa, irin wadda Dogo ya ce masu aikinsu kan rubuta a gefen aiki don kada su manta: a cika wannan duk Lahadi bayan waya da Mama, kada ya taɓa zama fanko. Ashe injin ba ya ƙaga ko harafi. Duk Lahadi in ya gama hira da ita sai ya zauna ya cike na mako biyu masu zuwa ɗaya bayan ɗaya, daga abin da ta faɗa masa. Shi ya sa ƙafa ke ciki, da magani, da jaririyar ƙanwarsa da ta fara haƙori.

Ban san Mama ta biyo mu ba sai da na ji muryarta daga bakin ƙofar da aka ɓalle.

"Da hannunsa ya rubuta?"

"Da hannunsa, Mama."

"Saura nawa?"

Dogo ya ƙirga ya ce tara. Ya ce in tana so zai karanta mata duka yanzu, ko ya buga mata su a takarda. Ta girgiza kai, ta ce a bar su su zo ɗaya-ɗaya yadda mai su ya tsara.

Ta shigo ta dafa bayan kujerar. Ta ce ashe ranar Laraba tana can tana sa masa albarka, shi yana nan. A nan ne na kasa riƙe nawa. Na gaya mata labarin kular abinci, yadda na zo har bakin ƙofa sau biyu na juya. Na ce da na ƙwanƙwasa, wataƙila da an kai shi asibiti. Ina kuka kamar yarinya, ni da na aurar da 'ya'ya. Ta kama hannuna da nata mai sanyi.

"Ke labule ya ruɗe ki, ni gaisuwa. Ya yi ne don kada kowa ya damu, ga shi kuwa ba wanda ya damu."

Ta ce ba za ta koma gida ba sai sun ƙare, mai gidan haya kuma ya yarda a bar kayan yadda suke. Kullum kafin bakwai mun zauna a falona, wayar a tsakiyar tebur. Ta karanta a zuci, sannan ta karanta mini a fili, sannan ta rubuta amsa a hankali da yatsa ɗaya. A na huɗu ya ce mata maƙwabciyarsa mai ɗinki ta addabe shi da maganar asibiti, zai je don ya huta da bakinta. Muka yi dariya har ta koma kuka. Na tara ɗin gajere ne, da alama ya gaji ranar. Ya ce ta wuni lafiya, sai sun yi wayarsu ta Lahadi.

Safiya ta goma na haɗa shayi kamar kullum, ko da yake jakarta na bakin ƙofa. Agogon bangona ya kai bakwai, ya wuce da minti ɗaya, ya wuce da biyar. Ta ɗauki wayar ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta sa a jaka.

Ƙofata a buɗe take, tasa ma kafinta bai dawo ya gyara ba. Daga inda muke zaune muna iya hango labulen a buɗe da hasken safiya a kan kujerar, ɗan famfon kuma yana ta ɗiga ruwa a tukunyar barkono.