Da Yaji Ko Babu Yaji

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu ban yanke ko zan ba abokaina na majalisa labarinsa ba, don na san bakinsu.

Sunana Tanimu, malamin gona ne ni mai ritaya. Shekara talatin da uku na yi ina yawo a babur ƙauye-ƙauye ina koya wa manoma noman dankali, mutanen da kakanninsu ke nomansa tun ba a haifi ubana ba. Na san tazarar kunya, na san tsawon igiyar da ake dasawa, na san tsutsar da ke huda shi. Gasa shi ne kawai ban taɓa yi ba. Wannan aikin matata ne, Lantana. Duk ranar Juma'a takan fere shi, ta yanka tsaye-tsaye, ta shafa masa man gyaɗa da gishiri, ta jera a waya bisa garwashi, in ya yi ta barbaɗa masa yajin ƙuli ta ajiye mini a gefen soyayyen kifi. Nawa aikin shi ne in ci in faɗi ra'ayina. Jiya ma na faɗa. Na ce gefe ɗaya ya ɗan ƙone, kuma ai gashin dankali ba wani aiki ba ne. Ta kwashe kwanuka.

A mafarkin sai ga ni da rana tsaka a wani gari mai kama da namu, sai dai a can inuwar mutum gaba take yi, ta tsaya a kwana tana jiransa. Tawa ta jira ni sau biyu, da ta ga tafiyata ta tsofaffi ce sai ta wuce abinta. Ban ji haushi ba. Na bi layinmu har ƙofar gidana.

Lantana na zaune a zaure a kan kujerata, rediyona a cinyarta. Na yi sallama, ta amsa da ladabi, irin ladabin da ake yi wa wanda ya zo karanta mitar wuta.

"Baƙo, wa kake nema?"

Na ce ai ni ne, Tanimu, maigidan. Ta dube ni daga hula har takalmi kamar mai duba atamfa a kasuwa. Ta ce muryar dai ta san ta, takan kira ta daga ɗaki a kan ruwan sha, fuskar ce ba ta tabbatar ba. Ta ce in je ofis in karɓo takarda, in takarda ta ce ni ne, ita ba ta da ja.

Ofishin yana nan inda injin niƙa yake a garinmu. Layi ne dogo na maza masu furfura, amma na baya ake fara gani, don haka makarar da ta bi ni duk tsawon aikina yau ta yi mini rana. Wata zabuwa ce ke kan tebur, da tabarau a saman baki, ga fayil-fayil a gabanta har sun fi ta tsawo. Ba ta ɗago ba ta yi mini bayani. A garin nan, in ji ta, miji ƙarewa yake yi duk bayan shekara talatin, sai an sabunta shi. Ni na ƙare tun ranar Talata. Jarrabawar sabuntawa guda ɗaya ce: in gasa dankalin da za a ci da kifi, yadda matata take so, in kai mata kafin rana ta koma gabas, don a can nan take faɗuwa. In ta ci, ni mijinta ne. In ba ta ci ba, za a mayar da ni baƙo, in riƙa sallama a ƙofar gida ana ce mini maigidan ba ya nan.

Na yi dariya. Na ce da ma wani abu ne daban, amma dankali ai ni da shi mun saba. Zabuwar ta ɗauki biro da ƙafa ta tambaye ni, matata da yaji take so ko babu yaji.

Na gyara tsayuwa na fara mata bayanin bambancin farin dankali da ja, da irin ƙasar da kowanne yake so, da dalilin da ya sa ba a dasa shi a inda ruwa ke kwanciya. Ta bar ni na kai ƙarshe, don tana da tarbiyya. Sannan ta rubuta "bai sani ba" da manyan baƙaƙe, ta buga hatimi, ta kira na gabana.

Kasuwa kuma a can dankali ne ke zaɓen mai saye. Na tsaya gaban wani tsibi na manya-manya masu sumul, irin waɗanda nake ɗagawa a taron manoma ina cewa ga abin da bin shawarata ke haifarwa. Suka yi ƙus-ƙus a tsakaninsu, babbansu ya ce sun gode, amma sun riga sun yi wa wani mai shayi alkawari. Haka na bi rumfa-rumfa ana ba ni haƙuri. Daga ƙarshe wasu guda huɗu karkatattu, ɗaya ma da hudar tsutsa, suka ce za su bi ni don tausayi. Mai hudar ya ce ya gane ni, ni ne na taɓa nuna ɗan'uwansa a Rano a matsayin misalin abin da ba a so. Na ce aiki ne ya sa. Ya ce kowa haka yake cewa.

Mai sayar da gawayi surukata ce, Inna Kande, mahaifiyar Lantana, wadda ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ban yi mamakin ganinta ba, kunya ce ta kama ni, don takalmi na ƙafata. Na tuɓe, na durƙusa, na gaishe ta ina kallon ƙasa. Ta cika mini kurfoti da gawayi, ta ɗora waya a kai, ta ce gawayin garin nan ba ya kamawa sai an gaishe shi, kuma ba ya son gaisuwar mai sauri. Ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juya mafici a hannu, ta dawo kan maganar 'yarta.

"Ka taɓa tambayarta kuwa?"

Na ce Inna, ai ni da ita mun wuce tambaya, kallo ɗaya muke yi mu fahimci juna. Ta ce to. Irin "to" ɗin da 'yarta ta gada. Ta miƙo mini maficin ta ce in riƙe, zan fi bukatarsa.

Sai ga ni a wani fili, maza sun kai ɗari kowa tsugune gaban kurfotinsa, ba mai magana. Na samu wuri kusa da wani dattijo kurma, na tsuguna, gwiwoyina suka yi ƙara. Na gaida gawayin. Na ce ina wuni, ya gajiya, ya iyali. Ya amsa a daƙile, ya tambaye ni ya maiɗakina. Na ce tana lafiya. Ya ce da bakinta ta faɗa mini ko ni ne na ƙiyasta. Na ce tana lafiya dai. Ya kama, amma gefe ɗaya kawai.

Na zaro wuƙa na hau fira. Ban san haka dankali yake da santsi da taurin kai ba. Na farko ya kuɓuce sau uku. Da na gama da shi, ɓawon ya fi abin da ya rage kauri, kuma babban yatsana ya samu rabonsa. Yankan da Lantana ke yi tsaye-tsaye, kowanne kamar ɗan'uwansa, ni nawa wani ya fito kamar turmi wani kamar tsinken sakace. Na zuba man gyaɗa har ya bi mini hannun riga. Gishiri kuwa na tsaya da shi a tafin hannu na daɗe. Shekara talatin ina cewa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ashe ban san nawa ne daidai ba.

Ina jerawa a waya aka fara ruwa. Ruwan garin daga ƙasa yake tasowa ya yi sama, don haka kowa ya buɗe laimarsa ya cusa ƙarƙashin kurfoti. Ni na buɗe tawa na riƙe a saman kai, yadda duk mai hankali yake yi. Na tsaya a haka cikin natsuwa, ruwa na shigar mini ta ƙafar wando yana fita ta wuyan riga, garwashina na huci yana mutuwa. Sai da dattijon nan ya ja laimar daga hannuna ya sa ta inda ya kamata.

Maimakon in gode masa in kama fifita, sai halin aiki ya motsa. Na leƙa wayarsa na ga yana yawan juya nasa, na fara ba shi shawara. Na ce ya rage juyi, ya ba da tazara tsakanin yanka da yanka, ya lura da inda iska ke kaɗawa. Yana ta gyaɗa kai, ba ya jin ko kalma ɗaya. Nasa ya yi ja-ja-ja, bayansa ya ɗan ƙame, cikinsa ya yi laushi, ƙamshi ya cika wurin. Da na waiwayo kan nawa, ƙasan ya zama gawayi, saman kuma ɗanye ne kamar yanzu aka tono shi. Mai hudar tsutsar nan, wanda yanzu ya zama yanka shida, ya ce da murya shida in juya su don Allah.

Na juya. Na kankare baƙin da wuƙa, na fifita har kafaɗata ta riƙe. A hankali na fara gane abin: in ka matsar da yanka tsakiya ya ƙone, in ka bar shi a gefe ya ƙi nuna, kuma ba a ɗauke ido ko na ƙiftawa. Hayaƙi ya sa ni hawaye. Na tuna ina zaune a ɗaki ranar Juma'a ina cewa wai me ake yi ne har yanzu.

Rana ta kusa komawa gabas lokacin da na zo kan maganar yaji. Ga ƙullin yajin ƙuli a hannuna, ga dankali a faranti. Na rufe ido na nemo Lantana tana cin abinci. Na ga tana zubawa, na ga tana miƙowa, na ga tana kwashewa. Tana ci ne na kasa gani. Don haka na yi abin da na iya: na raba farantin gida biyu, rabi da yaji rabi babu, na bar yanka ɗaya a tsakiya da ɗan kaɗan. A wurin aiki wannan shi muke kira gonar gwaji.

Na same ta a zauren, kifi a gabanta cikin kwano. Na durƙusa na ajiye farantin, na koma gefe na tsaya, hannuwana a baya, duk toka da mai. Ta ɗauki lokaci tana kallon abin. Ina jira kamar ɗan makarantar da aka kira gaban allo. A nan na gane inda nake tsaye. Daidai nan take tsayawa, jikin ƙofa, duk Juma'a, tana jiran in tauna in yi magana.

Ta ɗauki yanka ɗaya daga ɓangaren yaji, ta juya shi, ta ajiye. Ta ɗauki ɗaya daga ɓangaren da babu, ta sansana, ta ajiye. Na tsakiyar ko taɓa shi ba ta yi ba.

"Ka yi ƙoƙari, baƙo," ta ce. "Allah ya ba da lada."

Ba faɗa a muryarta, ba gori. Da ma faɗan ta yi. Ta miƙe ta kama ƙyauren zauren ta fara turowa a hankali, ni ina waje ban san lokacin da na fita ba. Na ce ta dakata, zan faɗa mata abin da ba wanda ya sani game da ita sai mijinta. Ta dakata. Na ce ita ce take ajiye mini ruwan alwala da ɗumi. Na ce ita ce ta san inda nake mance tabarau. Na ce ita ce ta yi jinyata wata biyu lokacin da na faɗi a babur. Ta saurara har na ƙare, sannan ta ce wannan ai duk labarina ne.

Ƙyauren ya ci gaba da tahowa. Saura tafin hannu ya rufe, ina hango gefen fuskarta. Na buɗe baki in kira sunanta da ƙarfi, sai abin da ya fito ya zama ƙarar ruwa yana dukan gindin bokitin ƙarfe.

Na farka. Gari ya waye, an kawo ruwan famfo, Lantana na tsakar gida tana tara bokitai. Na fito ba hula ba takalmi na tsaya a bayanta. Ta waiwayo ta ce Malam, lafiya? Na ce lafiya lau, tambaya ce da ni. Gasasshen dankalin nan, ita da yaji ta fi so ko babu yaji?

Ta dube ni.

"Ni ai ba na cin dankali, Malam. Ƙwannafi yake sa ni."

Na ce tun yaushe.

"Tun ina gidanmu."

Ta juya ta ce in matsar mata da wancan bokitin, ya cika. Na sunkuya na ɗauka. Ya fi yadda nake zato nauyi.