Hanyar Rani a Gonar Tahiru

Labo ne ya kai kekuna goma sha ɗaya cikin gonar Tahiru, suka tattake gero da wake tun daga bakin kurmi har gindin gawo. Ba da gangan ya yi ba, amma shi ya yi.

Labo mai gyaran keke ne a Dogon Marke, wani ƙauye kudu da Gidan Rumji. Shekara ashirin ke nan da ya ajiye hauya ya kama faci da gyaran sarƙa, gonarsa kuwa ya bar wa ƙanensa. Ba ya ɓoye jin daɗin haka. In manoma suka biyo ta rumfarsa da gumi, sai ya miƙe ƙafa ya ce shi da duƙe sun rabu, ko a lahira ba ya fatan su gamu.

Wata Lahadi cikin rani wani saurayi ya turo keke rumfarsa, tsidau ya huda masa taya wuri bakwai. Sunansa Mujahid, ma'aikacin wani buro ne, wato ofis, a Maraɗi. Kekensa mara nauyi ne, mai kaurin taya da lanƙwasasshen ƙaho, shi kuma da hular kwano da wani matsattsen wando da Labo ya kalla sau ɗaya ya kau da kai. Mujahid ya ce su ƙungiya ce, sun gaji da kwalta da hayaƙin manyan motoci, suna neman hanyar daji mai tsakuwa da hawa da gangara. Labo ya ce in wannan ne ya zo gida, babu hanyar da bai sani ba tsakanin gulbi da iyaka.

Ya ɗauko tsohon kekensa mai kariya, suka shiga gaba da baya. Ya bi da shi ta jar hanya, suka hau tudun marmara inda tsakuwa ke tsalle daga ƙarƙashin taya, suka gangara cikin kurmin marke da kalgo inda inuwa ke rufe mutum ruf, suka ɓullo ta wani fili suka yanke zuwa rijiyar makiyaya. Salular Mujahid tana ɗaure a ƙahon keke, tana zana duk inda suka bi da jan layi. Wuri ɗaya ya ba su wuya, yashin filin nan, sai da suka sauka suka tura. Labo ya ce wannan ba matsala ba ce, su bari ruwa ya sauka ƙasa ta kama jikinta, za su wuce kamar a kan kwalta.

Tun daga ranar, duk Lahadi rumfar Labo cike take. Su zo su huta, ya duba musu birki, matarsa Balkisu ta dama fura, su zauna ana musu kan wanda ya fi sauri. Suna ce masa Baba Labo, suna tambayarsa sunan kowane icce. Mutum bai yi lakol ba, ko aji ɗaya na boko, ga 'yan buro suna sauraronsa baki buɗe. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, bai kuma ɓoye ba.

Da damina ta zauna, suka ce yau za su yi zagayen gaba ɗaya. Su goma sha ɗaya a gaba, Labo a baya yana haki, don kekensa ba shi da giyar ƙara gudu. Kafin ya gangaro daga kurmi sun ɓace masa. Da ya iso bakin filin, sai ya ga babu fili. Gero ne har gwiwa, kore shar, da wake yana yaɗo a tsakani, ga kuma sawun tayoyi ya ratsa tsakiya ya kwantar da komai. Jan layin salula ya ce a bi nan, suka bi.

A nan Labo ya tuna. Hanyar rani ce. In an yi girbi an saki gonaki, kowa yana yankewa ta nan da ƙafa da amalanke har ta zama hanya. Ruwan farko na sauka mai gona ya shuke abinsa, jama'a su koma zagaye ta burtali. Babu wanda bai san wannan ba a Dogon Marke, sai wanda ya shekara ashirin yana zaune a inuwa.

Mai gonar yana tsaye a gindin gawo da hauya a kafaɗa, ya tare su duka. Tahiru ne, ɗan kawun Labo, taubashinsa. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba a yi tsiya ba, amma ranar fuskarsa babu wasa. Ya ce wa samarin ba da su yake ba, su jira jagoransu. Ya ce in ya kai maganar gaban mai gari, babu keken birni da zai ƙara taka hanyoyin ƙauyen, rani ko damina. Labo ya san zai iya, kuma ya san mai gari zai yarda. Ya hango rumfarsa ranar Lahadi babu kowa, daga shi sai kwanon ruwan faci.

Mujahid ya cire hula ya ba da haƙuri, ya ce laifin salula ne, ita ta nuna musu. Ya kai hannu aljihu zai ciro kuɗi, Tahiru ya ce ya fitar da hannunsa.

"Salula a nan aka yanke mata cibi?" in ji Tahiru. "Wanga ƙato dai anka haifa nan. Kai Labo, da wane wata ake shuka a garinku?"

Labo ya buɗe baki zai ce ai ya yi niyyar gaya musu, gudu suka yi suka bar shi. Ya dubi samarin, ya dubi geron da ke kwance, ya fasa. Ya ce shi ya nuna hanyar, shi ya ce su zo da damina, kuma Allah ya sani ya manta ana noma wurin. Ya ce Tahiru ya faɗi abin da yake so, amma ya bar mai gari ya huta.

Tahiru ya dube shi, sai gefen bakinsa ya fara motsi. Ya ce geron da ya kwanta rabi zai tashi, rabi ya tafi, wannan tsakaninsa da Allah ne. Abin da ya dame shi, a ce jininsa ya manta da damina. Gonar tana jiran maimai. Kwana uku, daga hantsi zuwa azahar, Labo da hannunsa, ba ɗan ƙwadago ba, ba ƙane ba. Ya sauke hauyar daga kafaɗa ya miƙa masa.

"Riƙe ta nan, taubashi. Wancan gefen shi ka shiga ƙasa."

Samarin suka ƙunshe dariya. Suka saɓa kekunansu a kafaɗa suka fita ta kan iyakar gona a jere, suna ɗaga ƙafa kamar masu tsallake ƙwai. Tahiru da kansa ya nuna musu burtali, Mujahid ya zana sabon layi, ya sa wa ɗaya suna ta rani, ɗaya ta damina. Lahadi ta gaba suka dawo, har da ƙarin mutum biyu, Balkisu ta ƙara fura.

Labo kuwa ya yi kwanakinsa uku cif. Tahiru ya shimfiɗa buhu a inuwar gawo ya miƙe ƙafa, duk wanda ya zo wucewa ya kira shi ya zo ya ga abin da ba a gani ba shekara ashirin. Har daga ƙauyen gaba aka zo kallo. Tafin hannun Labo ya yi kanta ya fashe, bayansa ya ƙage, sati guda a zaune yake salla, kuma ko famfo bai iya bugawa sai dai mai keke ya buga da kansa.