Jirgin Baba Ya Sha Ruwa

Gaisuwar mutuwa na je Abu Na'ama. Da na dawo garinmu Mai Wurno ban ko shiga gida ba, na zarce bakin kogi in duba albasata, sai na tarar da mazaunin injin ban ruwana fayau: ƙusoshi a siminti, baƙin mai a ƙasa, tiyo a yashe kamar mataccen maciji. Injin nan, da mu a nan muke kira babur, mijina Abdulmuttalib ne ya kafa mini shi kafin ya tafi haƙar zinariya, kuma tun da ya tafi ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Da albasar nan nake ciyar da 'ya'yana mata. A lokacin kuwa albasar ta fara yin kai, daidai sa'ad da ba ta yafe ƙishirwa.

Ban tambayi kowa ba. Sawun keken jaki na bi, ya kai ni mashaya, inda ƙanena Mato yake tsugune cikin tsohon jirgin babanmu yana ɗaure injina da sifana.

Jirgin nan ya girme mu duka. Injinsa ya tsufa har hayaƙinsa ya fi tafiyarsa, Mato ya yi ta jigilarsa zuwa Sinnar, a sake zobe, a sake fistan, har makanikin ya gaji ya ce masa ya je ya yi masa sutura. Tun janyewar ambaliya jirgin yake ajiye a kan yashi, rana tana gasa shi.

Na ce, "Mato, mi yak kawo baburina cikin wanga jirgi?"

Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri Yaya, aro na. Ayabar wani Almu za ni kwasowa daga gaɓar gabas. Sawu kaɗan, halas, shi ke nan, gobe shi koma wurinai."

"Aron da mai abu bai sani ba, ka san sunanai."

Sai idona ya kai ga cikin jirgin. Ana hango yashi ta tsakanin katakan. Kowa a bakin kogin nan ya san katakon bagaruwa: in ya bushe sai ya tsuke, bakinsa ya buɗe. Ina yarinya ni nake yayyaga wa Baba tsofaffin tufafin Inna, ya jiƙa tsumman da mai ya cusa a kowace kafa. In ya gama sai ya loda duwatsu, ya nutsar da jirgin a gefe ya bar shi har katako ya sha ruwa ya kumbura ya cije tsumman. Baba ko buhun gawayi ba ya ɗora wa jirgin da bai sha ba, balle ƙarfen da sai ƙarti huɗu suke ɗaga shi.

Na ce, "Ka nutsad da shi ya sha?"

Ya ce, "In nit tsaya wannan ai mako guda na, albasarki ba ta jira. Don ke nika sauri, Yaya."

Don ni! Wallahi da akwai taɓarya a hannuna da ranar an yi wata gaisuwar mutuwar. Ya sace mini inji, kuma yana so in gode masa. Na juya ga mazan da ke zaune a inuwa suna shan shayi, na roƙe su su kama a fito da shi. Ba wanda ya motsa. Wani ya ce, "Haƙuri, Mairama, ɗan'uwanki na." Wani ya ce yaro ne mai neman na kansa. Yaron da furfura ta fito masa a gemu! Su ne kuma suka ajiye kofuna suka tura masa jirgin cikin ruwa, har da kabbara.

Ya murza hannun injin, ya tashi. Ni na san muryar injina, shekara da shekaru ina jin ta, amma a kan siminti yake bugawa. Yanzu da ya sami busasshen katako sai ya shiga girgiza shi kamar ana tankaɗe. Tun daga gaɓa ina ganin tsummokaran suna fita suna bin ruwa. Mato ya saki matuƙi ya rarumi gwangwani yana kwarfa, ina! Bai yi nisa ba gindin jirgin ya zauna, injin ya yi tari ya yi shiru, sai kumfa da mai a kan ruwa. Mato ya iyo ninƙaya ya fito, takalmi ɗaya a ƙafa.

Gida na tafi na tattaro jarkoki. Ni da babbar 'yata Najwa da ƙannenta muka yi ta hawa da sauka a gangaren nan, ruwa a ka, har wuyan Najwa ya ƙi juyawa. Ruwan jarka ba ya shayar da gona. Ina kallo ganyen ya yi rawaya, ya kwanta, kunya bayan kunya. Layin da ke kusa da kogi kaɗai muka iya riƙewa. Na yi kuka, ba kukan baƙin ciki ba, na takaici.

Sai da masu shayin nan suka ga dama suka haɗa igiyoyi da tarakta suka jawo jirgin. Injina ya fito cike da laka har wuya, an ce sai Sinnar, kuma sai yadda hali ya yi. Da yamma ina durƙushe ina tuge busasshiyar albasa, sai ga Mato yana washe baki.

"Yaya, albishirinki! Jirgin Baba ya sha ya ƙoshi. Mun kwarhe shi tas, wallahi ko ɗigo ba ya shiga."

Na miƙe na nuna masa gonar, daga wannan kai zuwa wancan.

Na ce, "Ga wadda ba ta sha ba."

Murmushin ya gudu. Najwa na tsaye a gefena; na cire gammon da ke kanta na ɗora masa, na miƙa masa jarkarta. A garinmu namiji ba ya ɗaukar ruwa a ka, ya kuwa san masu shayi suna nan zaune a kan hanyar gangaren. Ya dube su, ya dube ni.

Na ce, "Layi guda ya rage. Sauka."

Ya sauka.