Na Sama Kafin Na Ƙasa

Duk layin babu mai kiransa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Guduma ake ce masa, kuma ba da wasa ya samu sunan ba. Shekara talatin yana gyaran mota, in noti ya ƙi sai guduma, in mai mota ya ƙi sai guduma, har ran da ya karya wa wani direban tanka muƙamuƙi, ya share wata tara a gidan yari, garejin ya watse. Tun daga nan ya dawo gida da akwatin sifanoninsa da tsohuwar motarsa mai fowil, wato mai ja da tayoyi huɗu, wadda yake lallaɓawa yadda bai taɓa lallaɓa ɗan Adam ba.

Ran da abin ya faru, yana shan shayi a tsakar gida wajen ƙarfe bakwai na safe sai wayar matarsa ta yi ƙara. Auta ce, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ke aure a wata gona can bisa tudu, tafiyar awa uku. Maman Auta ta kara wayar a kunne, kafin ta ce uffan ya ga fuskarta ta canza. Ya fizge wayar.

"Ke! Mene ne?"

Muryar yarinyar can ƙasa-ƙasa, da ƙyar ake ji. Mijinta ya matse mata hannu da ƙyauren ɗaki har ya karye, ya jefa ta ɗakin ajiyar buhuna, ya sa kwaɗo, ya hau tarakta ya tafi gona. Wayar ma a cikin zane ta ɓoye ta. Sai la'asar zai dawo, kuma ya ce in ya dawo zai ƙarasa abin da ya fara.

Guduma ya kurma wata tsawa da ta tashi kajin maƙwabta, ya maka kofin shayin a bango. Ya shiga ɗaki ya zaro adda, ya goga ta a dutse sau huɗu, ya cusa ta ƙarƙashin kujerar direba.

"Yau sai na raba ɗan banzan nan gida biyu. 'Yata? 'Yar cikina zai karya wa hannu?"

Maman Auta ta tsince fasassun kofin don kada wani ya taka.

To, ga matsala. Kwana uku ana ruwa, hanyar tudun ta zama taɓo zalla, in ba fowil ba babu motar da za ta hau. Ita kuwa tasa, tun da ya ƙetare rafi da ita makon jiya take wani kuka daga ciki kamar kare ya maƙale a shinge. Ya san ko mene ne. Ruwa ya shiga taransifa, ƙaramin akwatin nan da ke bayan giya, mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. In ya hau tudu da gurɓataccen man nan, a tsakiyar hanya za ta mace masa, la'asar ta riske shi yana zagin taɓo. Aikin minti ashirin ne, kuma sabon mai yana nan a galan bayan ƙofa.

Akwatin nan noti biyu gare shi. Na ƙasa shi ake buɗewa tsohon mai ya zube, na sama ta nan ake ɗura sabo. Kuma dokar aikin ɗaya ce tak: a fara kwance na sama. In na saman ya ƙi, sai a haƙura, mota tana da manta ko da gurɓatacce ne, tana iya motsawa. Amma in ka riga ka zubar sannan na saman ya cije, to ka zaunar da mota. Duk wanda ya koyi aiki a hannun Guduma da ranƙwashi dokar nan ta shiga kansa. Wasu har yau in sun shafa kai suna jin wurin.

Shi ne yau ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin mota yana huci, ya ja daro, ya ɗora sifana a kan na ƙasa.

Maman Auta tana tsugune a gefe da akwatin kayan aiki, yadda ta saba shekara da shekaru tana miƙa masa. Ta leƙo.

"Baban Auta, na saman fa..."

"Rufe min baki! Ke za ki koya min aikina?"

Ta rufe. Notin ya saki, mai ya tsiyayo cikin daro, launin shayi da madara, yana wari. Ya jira ya tsane, ya mayar da notin, ya miƙa sifana zuwa na sama. Ya ja. Ko gezau. Ya gyara kwanciya, ya tokare ƙafa da taya, ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Notin nan kamar tare aka ƙera su da akwatin.

A nan ne fa ya gane abin da ya yi. Wani sanyi ya ratsa shi, nan take kuma sanyin ya koma wuta. Haka Allah ya yi shi, bai iya riƙe kunya ko tsoro na minti ɗaya ba sai ya mai da su faɗa.

"Bututun ƙarfen nan! Miƙo!"

Ya zura bututun a jelar sifana don ƙarin ƙarfi, ya rataya da duk nauyinsa. Aka ji ƙwas, sifanar ta zame, ta cinye kan notin ya koma sumul, babu kusurwar da za a sake kamawa. Goshinsa ya bugu da ƙarfen ƙasan mota. Ya zagi notin, ya zagi wanda ya ƙera shi, ya zagi surukinsa har kakanni.

"Miƙo min guduma da kurfi!"

"Akwatin ba ya ɗaukar duka, kai ka ce in ya tsage shi ke nan."

"Na ce ki miƙo!"

Ya kafa bakin kurfin a gefen notin ya shiga duka. Duka na mutumin da ba noti yake gani ba, fuskar wani yake gani. Tsatsa da busasshen taɓo suna zubo masa a ido, bai tsaya ba. Na bakwai ko na takwas ne kurfin ya goce, gudumar ta sauka a kan hannunsa na hagu da dukan ƙarfin da yake da shi. Shi kansa ya ji ƙarar ƙashin.

Ya fito daga ƙarƙashin motar yana birgima, yatsu biyu sun kwanta gefe inda yatsa ba ya kwanciya. Da wani ne, da sai ya zauna ya riƙe hannunsa ya yi salati. Ina! Ya miƙe da gudumar a dama ya rufe motar da duka. Fitilar hagu ta tarwatse. Madubin gefe ya yi tsalle ya faɗa cikin kwata. Ya lotsa ƙofa, ya lotsa murfin inji, motar nan da ko ƙuda ba ya yarda ya sauka a kanta. Ya ɗaga gudumar zai sauke a gilashin gaba, Maman Auta ta yi kukan kura ta riƙe masa hannu.

"Da me za a ɗauko yarinyar? Da me, Baban Auta?"

Bai ma juyo ya kalle ta ba. Ya fizge hannun ya watsa shi baya, ƙeyar gudumar ta same ta a saman gira. Ta tafi da baya ta faɗi a kan akwatin sifanoni, ƙarafa suka watse a siminti. Jini ya rufe mata ido ɗaya, ya gangaro ta haɓa yana ɗiga a wuyan rigarta.

Gidan ya yi tsit, sai hucinsa. Ta dafa ƙasa ta tashi a hankali, ta kwance ɗankwali ta ɗaure goshin tamau, ta shige ɗaki. Ya san abin da zai biyo baya, ai ba yau aka fara ba. Za ta rufe ƙofa ta yi kukanta, da rana ta fito ta ɗora tukunya, in maƙwabciya ta tambaya ta ce santsi ne ya kwashe ta.

Sai ga ta ta fito da butar ruwan zafi da bokiti, da katon sirinjin da take ɗura wa awaki magani. Ta juye ruwan a bokiti, ta tsoma galan ɗin sabon man a ciki don ya saki jiki. Ta ɗauko wata tsohuwar gora ta juye gurɓataccen man daron a ciki, ta duba inda ya tsaya, ta auna sabo daidai da shi. Sannan ta buɗe murfin injin da ya lotsa.

"Wanne ne tiyon da akwatin yake shaƙar iska ta cikinsa?"

Ya tsaya yana kallonta. Shekara ashirin da suka wuce ya taɓa yi wa motar wani likitan dabbobi wannan dabarar, ita tana riƙe masa fitila. Shi har ya manta. Ya nuna mata wani siririn tiyo da ke maƙale a bayan inji, kaurinsa bai fi ɗan yatsa ba.

Ta cire hular bakin tiyon, ta zuƙi mai a sirinji, ta soka, ta fara turawa. Aikin nan ba ya son gaggawa ko kaɗan. In ka matsa da ƙarfi sai iska ta tofo maka man a fuska, dole ka tura kaɗan, ka jira ya sauka, ka sake turawa. Guduma ya zauna a kan taya yana rungume da hannunsa da ya kumbura kamar burodi, yana kallon agogo, yana kallon matarsa. Takwas da rabi. Tara. Jinin ya ratso ɗankwalin, tana sharewa da kafaɗa, ba ta fasa ƙirga ba.

A nan idonsa ya sauka a kan hannun da take tura sirinjin da shi. Wuyan hannun a karkace yake, shi ya sa take turawa da tafi maimakon babban yatsa. Ya san ranar. Shekarar da aka haifi Auta ne, kuma da ƙyauren ɗakin nan da ke bayansa ya matse mata shi. Ya kawar da kai, ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba, kuma wannan karon babu abin duka a kusa da ba a riga an doke shi ba.

Wayar ta sake ƙara. Hannayenta duk mai, sai ta danna da gwiwar yatsa, murya ta fito fili.

"Mama, kun taso?"

"Saura kaɗan, 'yar nan. Ki daure, ki jingina hannun a ƙirji kada ki motsa shi."

"Wa zai zo?" in ji Auta. "Mama, don Allah kada Baba ya zo. Ɗazu da ya yi tsawar nan a waya, wallahi na zaci mijina ne ya dawo. Sai da na jiƙa zanena. Muryarsu ɗaya, Mama."

Maman Auta ba ta kalle shi ba. Ta ce, "Ni zan zo," ta kashe wayar, ta zuƙi wani sirinjin.

Goma da kwata man da ta auna ya ƙare. Ta mayar da hular tiyon, ta shiga ƙarƙashin mota ta ƙara ɗaure notin ƙasa, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da wata jaka. Jakar ta yi girma da tafiyar yini ɗaya, ya lura da haka. Ta zare makullin daga ƙusa. Tuƙi kam ta iya, wata taran nan da ya yi a tsare ita ta riƙa kai ƙwai kasuwa da motar nan. Ta tayar, ta sa fowil, ta ja gaba ta ja baya a tsakar gida. Kukan ya ɗauke.

Ya zagaya ya kama ƙofar gefe. A kulle. Ta sauke gilashi, ta laluba ƙarƙashin kujera ta zaro addar, ta sake ta ta taga ta faɗi a gaban ƙafarsa.

"Miƙo min gudumar. Kwaɗo zan fasa."

Ya sunkuya ya ɗauko, akwai jininta a ƙeyar. Ya goge a wandonsa ya miƙa mata.

"Ke kaɗai za ki? In mijin ya dawo da wuri fa?"

"Zan biya gidan yayana in ɗauke shi. Daga can asibiti za mu wuce. Kai ma ka je a duba maka hannun nan."

"To... in an ɗaure mata, ku taho gida. Zan gyara mata ɗakinta."

Sai yanzu ta dube shi, da ido ɗayan da bai kumbura ba. Babu faɗa a fuskarta, wannan ne ma ya fi tsorata shi.

"Daga wancan ɗakin zan fito da ita, Baban Auta. Ba nan zan kawo ta ba."

"Ke fa?"

"Buɗe min ƙofa, rana tana yi."

Ƙofar gidan ƙarfe ce mai nauyi, sai da hannu biyu take buɗuwa. Ya sa kafaɗa ya tura ɓari ɗaya, ya koma ya tura ɗayan, ya matsa gefe. Motar ta wuce shi da fitila ɗaya, ta karya kwana a ƙarshen layi. Ya daɗe a tsaye yana kasa kunne ko zai ji taransifar ta yi kuka, bai ji komai ba, aikin ya yi kyau.