Kwamfutar Tsohon Mai Hoto

"Kada Inna ta sani," in ji surukin, yana tura wata tsohuwar kwamfuta a kan teburin gyara.

Mai gyara bai kai hannu ba tukuna. Ya san ta sarai, ga salatif ɗin da shi kansa ya liƙa mata a gefe. Ta maƙwabcinsa ce, tsohon mai hoto, wanda ke kwance a asibiti tun da ƙafafunsa suka kumbura. Ko ƙura tsohon ba ya yarda wani ya goge mata. Wanda ya kawo ta mijin 'yarsa ne, Inna kuwa matar tsohon ce.

"Ta daina kamawa. Ka kwashe duk abin da ke ciki ka zuba a wannan." Surukin ya ajiye sabuwa fil, da ledarta.

"Baba ne ya aiko ka?"

"To wa zai aiko ni?"

Ya faɗa yana duban titi. Mutumin nan bai cika shiga mutane ba, gaisuwarsa ma daga cikin mota ce. Yau kuma ga shi da kayan mara lafiya a hammata, yana cewa a ɓoye wa matar gida.

"Sai na samo wata wayar da zan jona su da ita," in ji mai gyara. "Ka dawo jibi."

Wayar tana cikin durowa. Da surukin ya tafi, ya kwance kusoshin, ya zaro faifan ajiyar, ya naɗe shi a tsumma, ya sa a aljihu. Jibi ta zo, ya ce wayar ba ta iso ba. Surukin ya juya.

"Mutum bai mutu ba an fara rabon kaya," in ji matar mai gyara. "Ka je ka ji daga bakin mai abu."

A asibiti ya tarar da tsohon ya zube, wuyan riga ya yi masa yawa. Inna ta fita karɓo magani.

"Ka gama?" Abin da tsohon ya fara tambaya ke nan.

"Baba, ashe da saninka?"

"Ni na roƙe shi. Akwai bidiyon autanmu a ciki, yana koyon keke. Da ya rasu ta ce in goge, ba za ta iya gani ba. Na ce mata na goge. So nake in sake ganinsa." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Kullum sai surukin nan ya ce mini gobe. Har na fara zargin ya sayar da ita."

Mai gyara ya ji faifan a aljihunsa kamar dutse.

Bai bi ta gida ba. Ya buɗe shago, ya jona faifan da sabuwar kwamfutar. Faifan ya yi ƙas, ƙas, ya yi shiru. Ya cire, ya goge bakin, ya sake jonawa, yana riƙe da wayar da yatsa don kada ta motsa. Sai ga hotuna sun fara hayewa: amare, 'yan makaranta, fuskokin unguwa tun suna da gashi. Wasu sun ƙi buɗuwa, ya tsallake su. Layin da ke kan allon yana jan ciki. Bidiyon ya haye lafiya, amma ya ce bari sauran su ƙarasa.

Bai ƙarasa ba surukin ya tsaya a ƙofa. Wannan karon a ƙafa ya zo.

"Ba sai ka yi sauri ba," ya ce.

Ya dubi wayar da ke jone, tsohuwa, duk ta sha hannu. Sai ya kau da kai.

Bayan masu ta'aziyya sun ragu, su biyun suka kai sabuwar kwamfutar gidan. Inna tana zaune a ɗakin tsohon, kusa da akwatin kyamarorinsa. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuke ta ƙus-ƙus a kai, ku biyu? Tun yana asibiti na lura."

"Hotunan aikinsa ne, Inna," in ji surukin.

"Su kaɗai?"

Ta miƙo hannu. Ta karɓa ta ɗora a cinya.

"Ku ja mini ƙofar."

Mai gyara ne ya fita a ƙarshe. Kafin ƙofar ta rufe ya hango ta, tafin hannunta a kan murfin, babban yatsanta yana laluben inda ake ɗagawa.