Jirgin Ƙasa a Rumfar Kande

Tun Zakari Makaniki yana neman auren Kande ya yi mata alkawarin zai sa ta a jirgin ƙasa. Lokacin bai daɗe da dawowa daga Zungeru ba, inda ya ga jirgin da idonsa sau ɗaya, bakinsa kuwa bai sake rufuwa ba. Aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, aka aurar da su, furfura ta fito, jirgin ƙasa ko hayaƙinsa bai leƙo Yawuri ba. Zakari ya tsufa yana gyaran injin kwale-kwale a bakin ruwan Yelwa. Kande ba mai yawan faɗa ba ce, amma duk ranar da ya ɓata mata rai sai ta tambaye shi, cikin ladabi, ko ta fara ɗaure kayan tafiya ne. Wannan tambaya ta fi zagi yi masa ciwo.

Sai ga autarsu Yasira ta aiko wa yaran gidan da jirgin wasa daga Kaduna, mai batir, da 'yan taragai da guntun layin dogo. Yaran ko taɓa shi ba su yi ba, don Zakari ya ce abin na manya ne. Ya roƙi Kande aron rumfar da take jera kifin banda. Ta yarda, amma da sharaɗi: ranar da ya tara mutane, in abin nan bai yi tafiya ba, shi da rumfar sun rabu, katakonsa kuma ya shiga murhu.

Ya kafa tebur da katakon wani mataccen kwale-kwale. Layin dogon bai isa ba, sai ya bi gari yana roƙon tsofaffin lemomin ruwan sama, yana zare ƙarafansu yana jerawa a kan tsinken ashana. Ya gina Yelwa da laka, har da kasuwa da masallaci da coci. Tafki kuwa farantin Kande ne na cin tuwo, ya binne shi ya cika da ruwa. Daga ƙarshe ya ƙera ita Kanden da yumɓu, ya ɗaura mata ƙyallen da ya yanko a gefen zanenta na fita unguwa. Ta ga zanen, ta ga 'yar tsanar, abin da ta ce kawai shi ne hancin ba nata ba ne.

Da labari ya bazu, sai mutane suka ɗauki abin da zafi, kamar gobe za a fara sayar da tikiti. Samuel mai albasa, maƙwabcinsa, ya ce rashin mutunci ne jirgi ya wuce gonarsa bai tsaya ba, aka yi masa tasha. Gambo mai kwale-kwale ya daina gaishe da Zakari, wai ana so a kashe masa sana'a, sai da aka janye layin daga bakin farantin sannan suka shirya. Dangin Kande na Shanga suka aiko a ji laifin da suka yi aka manta da su. Aka kai layi Shanga. Ngaski ma ta ji, dole ya ƙara katako.

Ranar buɗewa rumfa ta cika har waje. Zakari ya sa babbar riga, ya zaunar da Kanden yumɓu a taragon gaba, ya kai yatsa zai kunna. Gambo ya riƙe masa hannu.

"Malam Zakari, mi za ka yi haka? Ina ka taɓa ganin jirgi ya tashi bai cika ba?"

Kowa ya ce gaskiya ne. Shi kansa Zakari, da ya yi rayuwarsa a bakin ruwa, kunya ta kama shi, yadda ya kusa sakin jirgi fayau a gaban jama'a. Sai aka shiga lodi. Samuel ya ɗora albasa, kuma bai zaɓi ƙarama ba, don kada a raina gonarsa. Hasiya mai kifi ta kawo busasshiyar tarwaɗa. 'Yan Shanga suka ƙulla shinkafa a leda. Wata tsohuwa ta kawo ɗan tsako, aka ɗaure shi a sama da zare yana tsuwa. Gambo ne ke lura da lodin, shi kuwa a wurinsa jirgi bai cika ba sai ruwa na lasar bakinsa, don haka ya yi ta cewa akwai sauran wuri.

Zakari ya kunna. Jirgi ya yi ƙara, ya yi rawar sanyi, ya tsaya inda yake. Gambo ya ce yashi ya hau, a tura. Ya tura da babban yatsa, albasar ta gangaro ta faɗa tafki, ruwa ya ci rabin Shanga. Nan fa gardama ta kaure. Samuel ya mayar da albasarsa, ya ce shi ya fara lodi, sai dai wani ya sauke. Hasiya ta ce kifinta ba ya sauka a hanya. Ba wanda ya yarda ya rage ko ƙwayar shinkafa.

Zakari ya ɗaga kai yana gumi, ya hango Kande tsaye bayan mutane da itacen banda a hannu. Ya tuna sharaɗinta. Ba katakon yake ji ba. Ya san in aka watse a haka, tambayar nan za ta bi shi har kabari.

Kande ta ajiye itacen, ta ratso taron. Ta ɗauke albasa ta danƙa wa Samuel, ta miƙa wa Hasiya kifinta, ta kwance ɗan tsako ya ruga da gudu. Gambo ya buɗe baki zai yi magana.

"Wanga jirgi shata na," in ji ta. "Tun ina budurwa aka kama mini shi. Malam, tada shi."

Zakari ya kunna. Jirgi ya ja a hankali, ya wuce kasuwa, ya bi ta tashar Samuel bai ko waiwaya ba, ya kewaya tafki, ya ratsa abin da ya rage na Shanga, Kanden yumɓu na zaune ita kaɗai tana gyaɗa kai. Gambo ya yi ta girgiza kai yana cewa asara ce. Zakari bai ji shi ba, daɗi ya cika masa ciki har yana jin kuka.

A zagaye na biyu jirgin ya ƙara wuta. Kande ta dafa gefen teburin da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta damƙi hannun rigar mijinta, a gaban kowa, idonta na kan taragon gaba.

"Malam, rage mishi gudu," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka san ban taɓa shiga ba."