Baban Biyu Ya Tafi Ƙasar Waje

Alƙali bai gama rufe baki ba Uwar Biyu ta miƙe da akwati a hannu, don tun daga gida ta shirya kukanta, jira kawai take a ba ta dama. Lauya ya jawo bakin mayafinta.

"Zauna, baiwar Allah. Ba ki ji abin da aka ce ba?"

"Na ji. Wata uku."

"Wata uku na shara. Ba gidan yari. Yau a gida zai kwana."

Ta dubi lauya, ta dubi mijinta da ke tsaye a akwatin masu laifi baki buɗe kamar an tashe shi daga barci. Kukan da ta shirya ya rasa hanya, sai ya fito a dariya. Irin dariyar nan mai shaƙe mutum. Ɗan sandan kotu ya daka mata tsawa, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Mijin nata makaniki ne, a gareji Sufana ake ce masa, ita kuwa Baban Biyu take ce masa. Motar wani ya ɗauka zai gwada birki, birkin ya nuna masa ba ya nan, ya rushe katangar wata makaranta. Allah ya taƙaita, ranar babu yara. Da aka duba lasisinsa, ya daɗe da mutuwa. Lauya ya ce su sa rai da wata shida. Ga mutum da asma, ga ɗakin gidan yari da aka ce kwanan gefe ɗaya ake yi, in za a juya sai a juya tare. Uwar Biyu ta daina barci.

Ashe an canza doka. Mai ƙaramin laifi, in karon farko ne kuma ba a zubar da jini ba, ba a ƙara cusa shi cikin cunkoson. Aiki zai yi wa jama'a, ya kwana a ɗakinsa.

A barandar kotu ta buɗe akwati tana raba kaya kamar wadda ta ci gasa. Wata mata na zaune a dakali, yanzun nan aka wuce da ɗanta cikin baƙar motar gidan yari. Uwar Biyu ta ajiye mata bargo da sabulu da maganin sauro a cinya, ta rage murya ta ce, "Ki kai masa, uwata. Allah ya fito da shi." Tana juyawa dariyar ta sake ƙwace mata.

"Ke, mutane na kallonmu," in ji Sufana, shi ma haƙora a waje.

"Su kalla! Mai shara! Kai da ko ƙarƙashin gadonka ba ka taɓa sharewa ba!"

"Ai gwamnati ce ta gano baiwata."

Aka tura su wani ƙaramin ofis a bayan kotu, mai fanka ɗaya da tsintsiyoyi jingine a lungu. Jami'in ya miƙa wa Sufana riga mai ruwan lemo, irin wadda ake hangowa daga ƙarshen titi, ya tambayi unguwarsu. Suka faɗa.

"Madalla. Doka ta ce kowa kusa da gidansa, kada a zo mana da zancen kuɗin mota. Daga famfo zuwa kanti, shara da yashe kwata, kullum da safe."

Daga famfo zuwa kanti. Layinsu ke nan, ƙofa-ƙofa.

Dariyar Uwar Biyu ta tsaya cak.

Abin da ya faru shi ne, da ta ga ɗauri ya tabbata, sai ta riga magulmata. Ta bi layin gida-gida ta ce Baban Biyu ya samu aiki a ƙasar waje, wani kamfanin manyan motoci, wata shida. Ba don kanta ba, in ji ta, don tagwayen ne, kada a riƙa nuna su a makaranta. Ta kuwa iya tsara zance. Har sunan shugaban kamfanin ta ƙirƙira, har sanyin garin ta kwatanta. Da safen nan layi ya fito rakiya. Mai kanti ya ce a taho masa da waya. Mai guga ya ce agogo. Iya, tsohuwar da ke gidan da ke kallon nasu, ta ce man shafawa na ciwon gwiwa, na can ya fi ƙarfi. Sufana ya hau tasi da sabuwar hula yana ɗaga hannu kamar ɗan takara.

"Ranka ya daɗe," Sufana ya ce da jami'in, "babu wani layin? Mai nisa? Inda ba a san fuskata ba?"

Jami'in ya yi murmushin wanda ya saba jin wannan tambaya. "Akwai bayan mayanka, can ƙarshen gari. Sai dai da asuba ake farawa. Daga gidanka ba za ka kai ba, sai ka nemi wurin kwana a can."

"Akwai garejin abokina a wajen," Sufana ya ce a hankali, yana kallon matarsa. "In kwana a mota. Kin ga zancenki bai tashi ba. Wata uku in dawo, mu ce an sallame mu da wuri. Yadda kika ce, Uwar Biyu."

Ta hango matan layi a bakin famfo, kowace da bokiti, kowace da baki. Ta san abin da za su kira ta har ta tsufa. Sai kuma ta hango shi cikin matacciyar mota, ga warin mayanka, ƙirji ya riƙe, yana laluben abin shaƙarsa babu mai miƙo masa.

"Malam," ta ce da jami'in, "rubuta layinmu."

"Kin tabbata?" in ji Sufana.

"Alƙali ya ba ni kai, ni kuma in kai ka bayan mayanka? Sa rigar."

"Yanzu? Ai sai gobe."

"Sa ta. In za a yi dariyar, a yi ta yau a gama."

A bas abin ya dawo musu sabo. Shi da rigar lemo da sabuwar hula, tsintsiya tsaye tsakanin gwiwoyi, ita da akwati fanko a cinya. Ta ce za ta ce jirgin ne ya yi faci. Ya ce a'a, ta ce kamfanin ya buɗe reshe a layinsu. Ta ce to shi ne manajan kwata. Suka yi ta ƙyalƙyala har kwandasta ya tambaya ko lafiya. Amma da suka sauka a bakin famfo, da la'asar, lokacin da kowa ke ƙofar gida, sai ta rage tafiya.

Mai guga ya ɗago, ya ga riga, ya mayar da kai kan wandon da yake gogewa. Mai kanti ya shiga gyara gwangwanayen da ba su karkace ba. Iya na kan tabarmarta, ta miƙe ƙafafu.

Uwar Biyu ta ajiye akwati, ta durƙusa.

"Iya, akwai maganar da zan faɗa miki. Tafiyar nan da na ce..."

"Sabuwar dokar ce ta fishshe shi, ko?" in ji Iya. "Na ji ta a rediyo shekaranjiya. Na ce Allah ya sa alƙalin naku mai sauraron rediyo ne."

"Iya! Kin sani?"

"'Yar nan, katangar a hanyar kasuwa take. Wa bai ga ramin ba?"

"Amma kuka bar ni ina ta zuba! Har da sanyin garin!"

"To ya za mu yi? Kin sha wahala wajen tsara shi. Kuma ya yi daɗin ji."

Daga cikin kanti aka ji wani ya fashe da dariya, mai guga ya kama, matan famfo suka ɗauka. Uwar Biyu ta zauna daɓas a kan tabarma ta rufe fuska, ita kanta ba ta san ko kuka take ko dariya ba.

Iya ta ɗaga kai ta ƙare wa Sufana kallo, daga hula har tsintsiya.

"Sannu da hanya, ɗan nan," ta ce. "Gobe ka fara da ƙofata. Kwatar ta toshe tun bara."